Ruwan tasha na gwamna ne ko na Admiral? Muhawara kan hurumi a tashoshin jiragen ruwa na zamanin mulkin mallaka

Autar Gida:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambayar da kwana uku ke nan tana hana ni barci. An ba mu aiki a kan tarihin shari'a a ƙasashen da Ingila ta mallaka, ni kuma na ɗauki batun tashar jiragen ruwa ina zaton shi ne mai sauƙi. Ashe rijiya na faɗa.

Ga misalin da na ƙirƙira don in gane. Jirgin yaƙin Ingila ya sa anga a tsakiyar tashar wani gari na mulkin mallaka. Daga kan jirgin ana hango gidan gwamna da ginin kotu. Wani ɗan gari mai kwalekwale ya matso yana talla, gardama ta kaure tsakaninsa da wani sojan ruwa, sojan ya daɓa masa wuƙa ya mutu. Wa zai yi shari'ar, alƙalin gari ko kotun soja? Kuma 'yan sandan gwamna suna da ikon hawa jirgin su taso ƙeyarsa?

Ɗan Soja:
Wa alaikumus salam. Auta, wannan ai ba abin hana barci ba ne. Soja ne, a bakin aiki yake, a kan ruwa yake. Kotun soja. Tudu na gwamna, ruwa na Admiral, wato babban kwamandan sojan ruwa, haka Turawan suka raba abinsu. Je ki yi barcinki.

Anti Barista:
Ɗan Soja, a hankali dai, kada ka sa yarinya ta ci sifiri. Da abin yana da sauƙi haka, da lauyoyin Ingila ba su shafe ɗaruruwan shekaru suna cacar baki a kansa ba.

Auta, fara daga tushe. Tun zamanin Sarki Richard na Biyu majalisar Ingila ta ja wa Admiral kunne. Dokar 1389 ta ce kada shi da wakilansa su tsoma baki a abin da aka yi a cikin ƙasa, iyakarsu abin da ya faru a kan teku. Da aka ga kunnen bai jawu ba, a 1391 aka ƙara wata, ta ce duk abin da ya taso a cikin gunduma, a tudu ne ko a ruwa, na kotunan ƙasa ne. Ki ja layi a ƙarƙashin "ko a ruwa" ɗin nan. Ɗan abin da aka bar masa shi ne kisa ko nakasa mutum a cikin manyan jirage da ke tsakiyar manyan koguna, daga gadar ƙarshe zuwa teku.

Daga nan tambaya ta koma: ina gunduma ta ƙare, ina teku ya fara? Ma'aunin tsofaffin malamansu irin su Matthew Hale shi ne, ruwan da ƙasa ta rungume shi ta gefe biyu, har wanda ke tsaye a wannan gaɓa yana iya rarrabe waccan, ana iya lissafa shi cikin gunduma. Suna ce wa irin wurin muƙamuƙan ƙasa. To tasha kuwa me ya mai da ita tasha in ba rungumar da ƙasa ta yi mata ba? Don haka a asalin doka, ruwan tasha na alƙalin gari ne.

A buɗaɗɗen bakin teku ma, tsakanin inda ruwa ke kaiwa in ya cika da inda yake komawa in ya janye, shari'ar Constable ta 1601 cewa ta yi karɓa-karɓa ake yi. Ruwa ya rufe wurin, na Admiral ne. Ya janye, na alƙali.

Na Gefe:
Wato mai niyyar ta'asa a bakin teku sai ya fara duba lokacin cikar ruwa, ya zaɓi alƙalin da ya fi sauƙin kai. Turawa da kaya.

Baban Tarihi:
Barista 'yata, duk abin da kika faɗa daidai ne, a Ingila. Amma Auta ba Ingila ta tambaya ba, ƙasar mallaka ta ce, kuma a nan gizo ke saƙar.

Gwamnan mulkin mallaka ba shi da iko sai wanda aka rubuta masa a takardar naɗinsa. Na zauna na karanta irin waɗannan takardu na ƙarni na 18, har da ta Arthur Phillip ta 1787, wanda ya je ya kafa Sydney a 1788. Akwai wani sharaɗi da ake maimaita shi kusan kalma da kalma. Ma'anarsa: duk ikon nan da aka ba ka bai ba ka hurumin sauraron laifin da wani kyaftin ko hafsa ko matuƙi ko soja da ke cikin aiki da albashin jirgin yaƙin sarki ya aikata ba, ko a tsakiyar teku ya yi shi, ko a cikin tashoshi da koguna da mashigan ruwan ƙasarka. Waɗannan a bar su, ko dai kotun soja ta ji da su, ko kwamiti na musamman a ƙarƙashin dokar Sarki Henry na Takwas ta 1536. Sai aka biyo da togaciya: in a tudu suka yi ɓarnar, a hukunta su da dokar wurin.

Kin gani? An ambaci tasha da sunanta aka cire ta daga hannun gwamna. Saboda haka in misalin Auta a shekarun 1700 ne, a ƙasar da sarki ke naɗa gwamna, Ɗan Soja ya fi ki kusa da gaskiya, ko da yake na san da ka ya harba.

Ɗan Soja:
Allah ya ja kwana Baba! Harbin ka ko na saiti, tsuntsu dai ya faɗo.

Anti Barista:
Baba, na rusuna, wannan sharaɗin na manta da shi gaba ɗaya. Amma ka ba ni dama in ɗan tsaya a kansa, don Ɗan Soja ya fara rawa tun ba a gama kiɗa ba.

Sharaɗin bai ce ruwan tasha na Admiral ba ne. Mutum ya bi, ba ruwa ba. Cewa ya yi wanda ke cin albashin jirgin sarki ba naka ba ne in yana kan ruwa. Mu juya misalin: mai kwalekwale ne ya daɓa wa maƙwabcinsa wuƙa, a daidai wurin nan, a inuwar jirgin yaƙin. Kyaftin ba shi da ta cewa, alƙalin gari ne zai ji maganar. Wuri ɗaya, ruwa ɗaya, alƙali daban, saboda rigar da mai laifin ke sanye da ita. Maganar "ruwa na Admiral" ta rushe ke nan.

Baban Tarihi:
Kin kama bakin zaren. Haka ne.

Tunda mun zo nan, Auta, bari in raba miki abubuwa da ɗalibai ke cakuɗawa, don kalmar Admiral tana ruɗa mutane. Kotun da ake kira ta mataimakin Admiral a ƙasashen mallaka ba kotun soja ba ce ko kaɗan. Alƙalinta farar hula ne. Aikinta albashin matuƙa, karon jirage, ladan ceto jirgin da ya makale, ganimar yaƙi, da kayan fasa-ƙwauri. An baza irinta a Amurka bayan dokar kasuwancin teku ta 1696. Abin da ya sa 'yan kasuwa suka tsane ta shi ne babu juri, wato ba a kiran mutanen gari goma sha biyu su yanke, alƙali ɗaya ne wuƙa da nama. Mai fasa-ƙwauri kuwa ya san maƙwabtansa ba za su kama shi da laifi ba, shi ya sa yake son juri. Abin dariyar ma, sau da yawa gwamnan da kansa ke riƙe da laƙabin mataimakin Admiral, amma laƙabin bai ba shi ikon ya ce wa ko ƙaramin jirgin yaƙi ɗaga anga ba. Kyaftin daga Landan yake karɓar umarni ta hannun kwamandansa. Gwamna sai dai ya rubuta ya roƙa.

Akwai kuma wani muƙami da in kika fassara sunansa na Turanci kai tsaye zai ba ki "hafsan sojan ruwa", alhali mai shi ɗan kwastan ne. John Piper ya riƙe shi a Sydney daga 1814 zuwa 1827, yana karɓar kuɗin fito da kuɗin tasha yana yankar kasonsa, ya yi kuɗi har unguwar Point Piper ta ci sunansa. Shi sojan ƙasa ne ma asalinsa. A Hong Kong kuma akasin haka aka yi: William Pedder laftanan sojan ruwa ne na gaske, amma da aka naɗa shi sarkin tasha kuma majistaren ruwa a 1841, ma'aikacin gwamnatin gari ya zama. Kada ki yarda da suna, ki tambayi wa ke biyansa, wa kuma yake kai wa rahoto.

Autar Gida:
Na gode Baba, na gode Anti. Wallahi dama na rubuta Piper a cikin jerin sojojin ruwa, yanzu na goge. Amma akwai inda abin ya taɓa kaiwa ga fito-na-fito tsakanin gwamna da kyaftin? Malaminmu yana son misali na zahiri.

Baban Tarihi:
Akwai da yawa, amma wanda na fi so shi ne na jirgin Gaspee a Rhode Island ta Amurka, 1772. Ki gyara zama.

A farkon shekarar aka turo Laftana William Dudingston da wannan ƙaramin jirgin yaƙi cikin mashigin Narragansett don farautar masu fasa-ƙwauri. Mutumin bai san sassauci ba. Komai ƙanƙantar jirgi sai ya tsayar da shi ya bincike. Ya kama wani mai suna Fortune da ganguna 12 na barasa, kayan dangin Greene, maimakon ya kai shi kotun da ke Rhode Island sai ya aika da shi Boston, don ya san a gida ba zai yi nasara ba.

Gwamna Joseph Wanton ya nemi fatawar babban joji Stephen Hopkins. Hopkins ya ce babu kwamandan jirgin da ke da ikon zartar da komai a cikin ƙasar nan sai ya fara zuwa wurin gwamna ya nuna takardarsa. Kin ji maganar Barista ta cikin gunduma ta dawo. Wanton ya aika wa Dudingston ya zo ya nuna izininsa, Dudingston ya ƙi, ya miƙa wasiƙun ga Admiral John Montagu a Boston. Montagu ya rubuto wa gwamna wasiƙa mai zafi, yana nuna masa ba shi da hurumi a kan hafsoshinsa, har da barazanar rataye duk wanda ya yi yunƙurin ƙwato jirgin da aka kama a matsayin ɗan fashin teku. Wanton ya mayar da martani cewa shi ba ya karɓar umarni daga Admiral.

Wani abu da ake mantawa: Rhode Island ba sarki ke naɗa mata gwamna ba. Tun takardar 'yancinta ta 1663 mutanenta ke zaɓen nasu. Wato wancan sharaɗin da na kawo ɗazu babu shi a wuyan Wanton. Shi yana ganin ruwansa ne, Montagu kuma yana ganinsa a matsayin shugaban 'yan sumoga da suka zaɓi ɗan'uwansu.

Ranar 9 ga Yuni Gaspee ya biyo wani jirgi mai suna Hannah. Matuƙin Hannah ya san ruwan kamar tafin hannunsa, ya ratsa ta wuri marar zurfi, Gaspee ya bi shi ya kafe a rairayi. Cikin dare mutanen Providence suka zo a kwalekwale, suka harbi Dudingston suka ji masa rauni, suka sauke mutanensa, suka banka wa jirgin wuta. Landan ta sa ladan fam 500, ta kafa kwamitin bincike da nufin a kwashi masu laifin zuwa Ingila a yi musu shari'a. Wa ke cikin kwamitin a kan gaba? Wanton. Aka yi ta zama har tsakiyar 1773, a garin da kowa ya san kowa, aka rasa mutum ɗaya da za a gurfanar. Su kuwa dangin Greene suka maka Dudingston a kotun gari kan barasarsu, suka kuma yi nasara.

Ɗan Soja:
To Baba wannan labarin ai ni yake goyon baya. Mutum yana aikin da doka ta sa shi, ɓarayin gwamnati suka harbe shi suka ƙona jirgin sarki, gwamna da babban joji suka rufa musu asiri. Wannan ne "ikon farar hula" da Anti take yabo? In da an bar wa gwamnoni ruwan tasha, ko kwabo na kwastan ba zai shiga baitulmali ba. Gaskiya Dudingston aka zalunta.

Anti Barista:
Ƙanena, kada ka mai da shi waliyyi. Ka san yadda ake raba kayan da aka kama? In jami'in kwastan ne ya kama, kashi uku ake yi: ɗaya na sarki, ɗaya na gwamna, ɗaya na wanda ya kama. Daga 1763 da aka ba hafsoshin ruwa ikon kamu, in a teku suka kama, rabi na sarki, rabi nasu, gwamna ya tashi a tutar babu. Yanzu ka gane dalilin da ya sa kowa ya dage a kan ina teku ya fara? Kyaftin yana son ko bakin kwata a kira shi teku, gwamna yana son iyakar ganinsa a kira shi tasha. Ana ta jawo Richard na Biyu, amma idon kowa na kan ganga.

Sannan ba kamun kaya kaɗai jiragen nan ke yi a tasha ba, har mutane suke kamawa. A Nuwamban 1747 Kwamanda Charles Knowles ya tura mutanensa suka yi ɗiban dole a tashar Boston, mutum 46, don cike gurbin matuƙan da suka gudu. Gari ya yamutse kwana uku, jama'a suka yi garkuwa da hafsoshinsa, Gwamna William Shirley da kansa sai da ya koma ganuwar da ke tsibirin tasha, Knowles yana barazanar yi wa gari ruwan igwa. A ƙarshe dai ya saki mutanen. Ka ce min uban da aka ɗauke yana kan hanyar neman abincin 'ya'yansa wace kotu zai je, in ruwa na Admiral ne?

Ɗan Soja:
Anti ke dai kin tsani kaki ne kawai, tun ba yau ba na lura. Duk muhawarar da aka yi a zauren nan sai kin kare lauyoyi.

Mai Unguwa:
Ɗan Soja, a bar wannan. Hujja ake kawowa a nan, ba a duba zuciyar mutum. Yayarka ce, ka janye.

Ɗan Soja:
Na janye, Anti a yi haƙuri. Amma tambayata tana nan: takarda a hannun gwamna, igwa a hannun kyaftin. Wane ɗan sanda ne zai hau tsanin jirgin in kyaftin ya ce a'a?

Na Gefe:
Ni dai ina gefe, amma wannan na san amsarta, don an gwada. Melbourne, 1865. Jirgin yaƙin 'yan tawayen kudancin Amurka mai suna Shenandoah ya shigo ranar 25 ga Janairu don gyara. Birtaniya 'yar ba-ruwanmu ce a yaƙin basasar Amurka, haramun ne a ɗauki talakawanta aikin soja a jirgin. Labari ya bazu cewa akwai wani Charley da ya shiga yana aikin kuku. Majistare ya ba da takardar kamu, ɗan sanda ya je da ita, Kyaftin James Waddell ya ce babu mai bincika masa jirgi. Gwamna Charles Darling ya turo 'yan sanda da sojoji suka kewaye wurin gyaran a Williamstown, aka hana ma'aikata taɓa jirgin. Ba su hau ba fa, kewayewa suka yi. Da dare aka cafke wasu mutum huɗu suna sulalewa daga jirgin, har da Charleyn. Gwamna ya ce to shi ke nan, aka saki jirgi. Ranar 18 ga Fabrairu ya fita, yana barin ruwan Ostareliya sai ga mutum fiye da 40 sun ɓullo daga maɓoya sun sa hannu a aikin soja.

Kuɗin wannan sakacin Landan ta biya. Masu sulhu a Geneva a 1872 suka ɗora wa Birtaniya alhakin ɓarnar da Shenandoah ya yi bayan barinsa Melbourne, cikin dala miliyan 15.5 da aka yanke mata gaba ɗaya.

Anti Barista:
Na Gefe, ashe kana ɓoye da kaya haka? Wannan jirgin baƙi ne dai, ba na sarki ba, hukuncinsa daban, amma ya dace da tambayar tsani. Hujjar Waddell ita ce tsohuwar maganar nan cewa jirgin yaƙi yanki ne na ƙasarsa da ke yawo a kan ruwa. Kotu ta kashe wannan magana, kuma a kan tashar mulkin mallaka ta kashe ta. Shari'ar Chung Chi Cheung, 1938. Wani yaron jirgi ya harbe kyaftin ɗinsa a cikin jirgin kwastan na gwamnatin Sin mai ɗauke da makamai, a ruwan Hong Kong. Lauyoyinsa suka ce kotun Hong Kong ba ta da hurumi, don a ƙasar Sin aka yi kisan. Aka ɗaukaka ƙara har kwamitin shari'a na majalisar sarki a Landan, Lord Atkin ya ce jirgi ba ƙasa ba ne. Kariya ce kawai mai masauki ke bai wa jirgin gwamnatin wata ƙasa, kuma mai jirgin yana iya yafe ta. Hukuncin Hong Kong ya tabbata.

Don adalci ga ƙanena kuma, bari in ba shi ɗaya. A Agustan 1863 jirgin Tuscaloosa ya shiga Simon's Bay a Afirka ta Kudu. Jirgin 'yan kasuwa ne da Alabama, wani jirgin yaƙin 'yan tawayen kudancin Amurka, ya kama, aka ɗora masa ƙananan igwa biyu da mutum goma aka ce ya zama jirgin yaƙi, ga lodin gashin tumaki na nan a cikinsa. Admiral Baldwin Walker ya ce wannan ganima ce aka yi wa kwalliya, bai kamata a bar ta ta shigo ba. Gwamna Philip Wodehouse ya bi shawarar lauyan gwamnatinsa ya karɓe shi a matsayin jirgin yaƙi. Landan ta nuna Walker ne ya fi gani, da jirgin ya dawo a Disamba aka riƙe shi, sannan a 1864 Landan ɗin ta sake cewa a mayar wa 'yan tawayen. A ranar dai mai kaki ya fi mai hular gashi karanta doka.

Ɗan Soja:
Yauwa Anti, yanzu muka shirya.

Tsohon Matuƙi:
Ina ta karanta ku tun safe. Ni ban yi karatun lauya ba, shekaruna a jirgin dakon kaya na yi su, amma bari in faɗi yadda abin yake a jiki.

Wani dare mun iso bakin wata tasha da ba zan kira sunanta ba. Ɗan jagora ya hau ta tsanin igiya, rigarsa jiƙe, ya ajiye jakarsa ya ce a sa gaba a hankali, ofishin tasha ya ba mu hanya. Ba mu yi nisa ba sai ga kwalekwalen sojan ruwa ya dalle mu da fitila, ta rediyo ana ce mana mu tsaya cak. Jirgi mai lodi ba mota ba ne, ba shi da birki, in ka kashe masa gudu a matsatsi ruwa ne zai juya shi. Ɗan jagora yana zagi ƙasa-ƙasa, kyaftin yana riƙe da rediyo biyu, ɗaya a kowane kunne. Awa biyu muna wasa da inji gaba da baya kafin ofisoshin biyu su yi wa juna waya. Ba mu kaɗai ba ne a mashigin.

Shi ya sa in ana wannan magana Halifax ta Kanada nake tunawa, 6 ga Disamba 1917. Lokacin yaƙi ne, sojan ruwa ke riƙe da ƙofofin ragar da aka shimfiɗa don jiragen ƙarƙashin ruwa, su ke ba da izinin shiga da fita ta ofishin Kwamanda Evan Wyatt. 'Yan jagora kuma suna ƙarƙashin hukumarsu ta farar hula. An ce su riƙa sanar da ofishin Wyatt motsin jirage, abin ya shiririce, yaron da ke buga wayar ma ya daina don ba sa kula shi. Da safen nan Imo na Norwe ya taso zai fita, Mont-Blanc na Faransa yana shigowa da kusan tan 2,900 na abubuwan fashewa. Suka yi karo a matsatsin tashar, wuta ta kama, bayan kamar minti ashirin ya tashi. Kusan mutum 2,000 suka mutu, kimanin 9,000 suka jikkata.

Ɗan Soja, ga abin da zai ba ka mamaki: Wyatt hafsan sojan ruwa ne a bakin aikinsa, amma kotun gari ce ta tuhume shi da kisa ba da niyya ba, tare da kyaftin ɗin Mont-Blanc da ɗan jagoransa Francis Mackey. Alƙali ya sallami waɗancan biyu, Wyatt kaɗai ya tsaya gaban juri a 1918, suka wanke shi.

Na Gefe:
Kawu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma Kanada a 1917 ai ba ƙasar mallaka ba ce irin wadda Auta ke nufi. Tana da majalisarta, sojan ruwanta ma nata ne tun 1910.

Tsohon Matuƙi:
Gaskiyarka ɗana. Amma shari'ar wane jirgi ne da laifi, a ina ta ƙare? Landan, 1920, aka ce duka biyun. Igiyar ba ta gama tsinkewa ba ke nan.

Baban Tarihi:
Ku bar Kawunku, misalinsa ya zauna. Ni kuma na tuna wani da zai ba Auta dariya. William Bligh kyaftin ɗin sojan ruwa ne da aka naɗa gwamna a Sydney, sojojin ƙasa suka hamɓarar da shi ranar 26 ga Janairu 1808. Bayan shekara guda a tsare ya yi alkawarin komawa Ingila, aka bar shi ya hau jirgin Porpoise. Ƙafarsa na taka jirgin ya zama shi ne babba, don muƙaminsa na ruwa babu wanda ya tuɓe masa. Maimakon Ingila sai ya nufi Hobart, ya yi faɗa da David Collins mai riƙe da garin, ya koma bakin kogin Derwent yana tare jiragen da ke shigowa har ƙarshen 1809. A tudu fursuna, a ruwa kwamanda, mutum ɗaya.

Autar Gida:
Kai, yau na sha karatu. To Anti, in koma kan sojana da mai kwalekwale, me zan rubuta?

Anti Barista:
Ki fara sa wa labarin shekara da gari, in ba haka ba duk abin da kika rubuta wani zai ƙaryata ki kuma yana da gaskiya. In kin sa shi a 1770 a ƙasar da sarki ke naɗa gwamna, sharaɗin Baba ya ɗaure hannun gwamna. In kin kai shi 1870, abubuwa sun sauya. Dokar 1849 ta ba kotunan ƙasashen mallaka ikon sauraron laifin da aka yi a teku kamar a ruwansu aka yi. Dokar ladabtar da sojan ruwa ta 1866 ta ba kotun soja ikon hukunta laifi a kowace tasha, amma ita da kanta ta ce ba ta taɓa ikon kotunan gari ba. Wato duka biyun suna da hannu. A fahimtata, tunda wanda aka kashe ɗan gari ne, kotun gari ce ta fi cancanta, kuma hanyar ita ce gwamna ya rubuta wa babban hafsan da ke tashar ya nemi a miƙo mutumin. Daga baya dokar 1890 ta haɗiye kotunan mataimakin Admiral ta miƙa aikinsu ga manyan kotunan ƙasashen.

Ki kuma duba ko garin naki sansanin sojan ruwa ne. A wuri irin Gibraltar an yanki wani ɓangare na tashar an ce ruwan Admiral ne, da sarkin tasha na soja mai cewa wa zai sa anga a ina. Wannan ikon zirga-zirga ne, ba na shari'ar kisa ba, kada ki haɗa su.

Autar Gida:
Na zaɓi Sydney, 1870. Amma wani abu ya faɗo min yanzu. In kwalekwalen yana ɗaure da igiya a jikin jirgin yaƙin, sojan kuma yana tsaye a kan tsani, ƙafa ɗaya a jirgi ɗaya a kwalekwale, a cikin jirgi aka yi laifin ko a wajensa?

Tsohon Matuƙi:
'Yata, wanda ya taɓa tsayawa a tsanin igiya ya san hannu biyu ba sa isarsa riƙewa, balle ya zaro wuƙa. Ki sauko da shi cikin kwalekwalen tukuna.

Ɗan Soja:
In ya sauko kuma abokansa sun janye shi sama kafin 'yan sanda su iso fa? Anti, wasiƙar gwamnan nan kwana nawa take yi kafin ta isa jirgi?

Anti Barista:
Daga gidan gwamna zuwa tsakiyar tasha? Auta ta ce ana hango shi daga jirgin. Rabin awa a kwalekwale. Amsar ce ban san ranar dawowarta ba.